Layin ruwan tankin kifina ya karkata gefe ɗaya: in bar shi ko in sauke shi?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a kiwon kifin ado. Wata huɗu ke nan da na kafa babban tankin gilashi a falon gidan da nake haya a Kano. Tsawonsa santimita 150, faɗinsa 50, tsayinsa 60, an yi shi da gilashi mai kaurin milimita 12, kuma yana zaune a kan teburin ƙarfe mai ƙafa huɗu wanda wani mai walda ya haɗa mini. Tun da hunturu ya shigo ruwan yake saurin raguwa, kuma da ya sauka ƙasa da baƙin tef ɗin da aka zagaye bakin tankin da shi, sai na lura cewa layin ruwan bai tafi daidai da bakin gilashin ba. Na sa rula ta gaba, na samu tazarar milimita 40 daga baki zuwa ruwa a hagu, a dama kuwa 52. Ba ya ɗigo, kifayen kuma lafiya lau suke, amma tun ranar da na ga abin nan hankalina bai kwanta ba, domin kafet da kujeru da wayoyin lantarki duk suna kusa da shi. Shin wannan bambanci abin damuwa ne? In kuma gyara ya zama dole, ana iya yin sa ba tare da an kwashe ruwan ba?

Kawu Magini: Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Da farko ka cire wa ruwa laifi, domin ruwa ba ya karkata. Shi ya sa mu magina, idan za mu ɗauki lebur tsakanin kusurwoyi biyu masu nisa, muke cika siririn tiyo da ruwa mu bi inda ya tsaya. Tankin ne ya karkata, kuma kusan kullum daɓen ɗaki ne sanadi. Shekaru da yawa ina aikin gini, kuma zan iya ce maka da wuya ka sami falon da ƙasansa yake lebur daga bango zuwa bango, sau da yawa ma da gangan mai sa tayil yake ba shi ɗan gangare zuwa ƙofa don ruwan wanke ɗaki ya sami hanyar fita. A ganina milimita 12 a tsawon mita ɗaya da rabi ba abin da zai hana mutum barci ba ne. Ka ƙara ruwa ya haura tef ɗin, idonka ya huta.

Autan Zaure: Ranku ya daɗe, ni shawarata mai sauƙi ce. A sa jak ɗin mota a ƙarƙashin ƙarfen teburin ta gefen hagu, a ɗaga shi kaɗan, a cusa guntun katako ko kwali da aka ninka a ƙarƙashin ƙafafun, a sauke. Aikin minti goma ne, kuma ba sai an wahalar da kifaye ba.

Injiniya: Ƙanena Auta, ina roƙon kada kowa a cikinmu ya gwada wannan, kuma bari in faɗi dalili da lissafi don kada a ɗauka tsoro ne kawai. Tankin da aka bayyana zai ci lita 450 in an auna shi ta waje, amma idan aka cire kaurin gilashi da tazarar da ke sama, ruwan da ke ciki zai kai kusan lita 380, kuma kowace lita kilo ɗaya ce. Gilashi mai kaurin milimita 12 yana da nauyin kilo 30 a kowace murabba'in mita, a tankin nan kuwa akwai ɗan fiye da murabba'in mita uku, wato kusan kilo 95. Idan aka haɗa da yashi da duwatsu da teburin kansa, an haura rabin tan. Jak yana ɗagawa ne a wuri ɗaya tak, teburin da mai walda ya haɗa da siraran ƙarafa kuwa zai lanƙwashe a daidai wurin kafin sauran jikinsa ya motsa, kuma gilashin da ke kansa ba ya lanƙwasa yadda ƙarfe yake yi. Ga shi kuma ruwan yana tura gilashin gaba da ƙarfin da ya haura kilo 200, kuma abin da yake riƙe da shi shi ne siririn layin silikon da ke kusurwoyi, wato gam ɗin da aka haɗa fallayen gilashin da shi.

Game da maganar Kawu, rabinta gaskiya ce, kuma ya kamata a ba shi ita. Idan tankin ya karkata ne gaba ɗayansa kamar faranti da aka ɗan ɗaga gefe guda, milimita 12 a tsawon santimita 150 bai kai rabin digiri ba, kuma ƙarin zurfin ruwa a gefen da ya yi ƙasa kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai. Gilashi mai wannan kauri ba zai ji wannan ba. Abin da yake fasa tanki shi ne murɗewa, wato kusurwa ɗaya ta fita daga sahun sauran ukun, kuma awo biyu na gaba da Baban Ummi ya kawo ba za su nuna mana ko akwai murɗewa ba. Saboda haka, Malam, ka kashe famfon tacewa da na iska, ka jira ruwan ya kwanta sarai, sannan ka auna dukkan kusurwoyi huɗu da rula guda. Ruwa yakan ɗan hau jikin gilashi a inda suka haɗu, don haka ka riƙa karanta ƙasan wannan ɗan hawan a kowace kusurwa. Sai ka haɗa awon gaba-hagu da na baya-dama, ka haɗa na gaba-dama da na baya-hagu. Idan jimlolin biyu sun zo ɗaya, karkata ce zalla. Idan sun saɓa, akwai magana.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri, Injiniya. Na yi yadda ka ce bayan sallar isha'i, na kuma maimaita da safe don in tabbatar. Gaba-hagu 40, gaba-dama 52, baya-hagu 41, baya-dama 49. In na fahimci lissafin, jimla ta farko 89 ce, ta biyu kuma 93, wato sun saɓa da milimita 4. Akwai kuma wani abu da na tuna. Ruwan rijiyar burtsatse muke amfani da shi, yakan bar farin tabo a jikin gilashi a inda ya daɗe yana tsayawa. Tsohon tabon da ke jikin gilashin baya bai tafi kafaɗa da kafaɗa da layin ruwan yau ba, ta gefen dama sun fi kusantar juna fiye da ta hagu.

Mai Gilashi: Kafin a yanke wa tankin hukunci, bari in sa baki a matsayina na wanda yake yanka gilashi yana haɗa irin waɗannan tankuna. Awo daga bakin gilashi yana da amfani ne idan bakin kansa daidai yake, kuma gaskiyar magana ita ce mu masu yanka da hannu mukan sami saɓanin milimita ɗaya ko biyu tsakanin fallen gaba da na baya, baƙin tef ɗin nan ma sau da yawa don rufe wannan ake liƙa shi. Don haka ka sake awon ta waje, daga layin ruwa zuwa saman allon da tankin yake zaune a kai, a kusurwoyin nan huɗu. Sannan ka ɗauki takarda ka gwada zura ta tsakanin gindin tankin da abin da yake kai, ka bi ta ko'ina. Inda ta shige ba tare da ta tokare ba, gilashi yana rataye ne a wurin babu abin da ya tallafe shi. Ka kuma haska tocila a layin silikon na kusurwoyi, musamman ta ƙasa. Lafiyayyen silikon yana manne da gilashi babu ƙyalli a tsakaninsu, wanda ya fara rabuwa kuwa za ka ga wurin ya yi fari ko ya yi ƙananan ƙwayoyin iska a jere. Ina tambaya kuma, me aka shimfiɗa tsakanin gilashin da teburin?

Baban Ummi: Akwai allon katako mai kaurin milimita 18, a kansa kuma farin soson nan da ake samu a cikin kwalin firiji. Awon waje ya ba ni saɓanin milimita 3 zuwa 4, kusan daidai da na farko. Takarda ba ta shiga ƙarƙashin gilashin ba saboda soson, amma ta shige sumul tsakanin allon da ƙarfen teburin a kusurwar baya ta dama. Silikon ɗin ban ga inda ya yi fari ba.

Autan Zaure: To tunda akwai soso, me zai hana a ƙara wani falle ta gefen da ya yi ƙasa kawai? Shi ke nan tankin ya miƙe, ba a taɓa teburin ba.

Mai Gilashi: A'a, Auta, wannan kuskure ne da mutane da yawa suke yi. Aikin soson shi ne ya shanye ƙananan tudu, kamar ƙwayar yashi ko kan ƙusa, don kada nauyin tanki ya taru a kan ɗigo ɗaya na gilashin gindi. Ba ya gyara karkata, domin yana lotsawa ne gwargwadon nauyin da ke kansa. Idan ka sa falle biyu a hagu, ɗaya a dama, ka yi wa gilashin mataki a tsakiyarsa, kuma daga wannan matakin tsagewa za ta fara. Duk abin da za a cusa don daidaitawa, a ƙarƙashin ƙafar tebur ake sa shi, tsakaninta da ƙasa. Saman teburin kuwa dole ya zama shimfiɗe ɗaya. Ƙari a kan haka, tankunan kamfani da ake shigowa da su masu firam ɗin roba a gindi an yi su ne don firam ɗin ya ɗauki nauyi, gilashin gindinsu a ɗage yake, kuma su ba a sa musu soso mai kauri domin zai iya tura gilashin sama. Na Baban Ummi ba irinsu ba ne, saboda haka sosonsa yana kan ƙa'ida.

Injiniya: Abu biyu ne suka sa na daina ganin wannan a matsayin ƙaramar magana. Na farko shi ne takardar da ta shige a kusurwar baya ta dama, wanda ke nuna cewa ƙarfen teburin ya sauka a wurin ya bar allon a sama. Kowa ya san teburin cin abinci mai gajeriyar ƙafa ɗaya, nauyinsa yakan koma kan ƙafafu biyun da suke maƙwabtaka da gajeriyar, yana lilo a kansu. Tankin nan ba ya lilo saboda nauyinsa, amma gilashi da silikon ne suke ɗauke da abin da ƙafar ta sauke. Na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne tsohon farin tabon da bai yi daidai da layin yau ba. Wannan shaida ce cewa yadda tankin yake zaune yau ba haka yake zaune wata uku da suka wuce ba, wato wani abu yana ci gaba da sauka. Karkatar da ta tsaya cik tun ranar farko ana iya haƙuri da ita, masu wannan kiwo ma da yawa ba sa kula milimita biyu ko uku. Wadda take ƙaruwa kuwa ba a jiran a ga inda za ta tsaya. Shawarata ita ce yau ɗin nan ka rage ruwan zuwa rabi, domin ƙarfin da yake tura gilashin gefe yana bin zurfi sau zurfi ne, idan zurfi ya koma rabi turin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Sannan ka shirya ranar da za a sauke shi gaba ɗaya.

Kawu Magini: Da na ji maganar tabon nan na janye abin da na faɗa da farko, domin ƙasa mai lafiya ba ta sauka a wata huɗu. Baban Ummi, ɗauki cokali ka ƙwanƙwasa tayil ɗin da ke kewaye da ƙafar nan ta baya. Wanda ya zauna a kan siminti sosai ƙararsa a toshe take, wanda kuma aka ɗora a kan dunƙulen siminti huɗu ko biyar aka bar tsakiyarsa fanko za ka ji yana amsawa kamar ganga. Ƙafar ƙarfe mai faɗin santimita huɗu da take ɗauke da kilo ɗari da wani abu tana iya fasa irin wannan cikin sauƙi. In da gidanka ne, da sai in ce a cire tayil ɗin wurin a zuba ɗan dandamalin kankare mai tsayin yatsu huɗu, a ɗauke shi lebur, a bar shi ya bushe sosai, ka huta har abada.

Injiniya: Dandamali shi ne gyara mafi inganci, Kawu, amma ya ce haya yake yi, kuma ba kowane mai gida ne zai yarda a fasa masa falo saboda kifi ba. Abin da zai wadatar shi ne mai walda ya ƙara ƙafafu biyu a tsakiya su zama shida, ya haɗa ƙasan ƙafafun da ƙarfe kewaye, ya sa wani a gicciye ta baya don kada teburin ya riƙa murɗewa, sannan kowace ƙafa ta zauna a kan farantin ƙarfe mai faɗi wanda zai baza nauyin. A kasuwar Kofar Ruwa za a yanka masa irin waɗannan faranti masu kauri daban-daban, na milimita 1 da 2 da 3 da 5, da su ne zai riƙa cikewa har lebur ya zauna. Kwali da Auta ya ambata yana lotsewa, katako mai laushi kuma yana shan ruwa ya kumbura ko gara ta cinye shi.

Kawu Magini: Ni dai na amince da faranti fiye da ƙafafun nan masu noti da ake murɗawa, domin na sha ganin inda ruwa ya zuba a kansu suka yi tsatsa suka ƙi motsi. Kuma duk wanda zai yi aiki da ma'aunin lebur, ya fara gwada ma'aunin kansa. Ya ɗora shi ya duba inda ƙwayar iskar ta tsaya, ya juya shi gefen hagu ya koma dama a wuri ɗaya, in ta sauya wuri to ma'aunin ne mai ƙarya. Na kasuwa da yawa haka suke, kuma gajere ba ya isa tebur mai wannan tsawo sai an ɗora shi a kan miƙaƙƙen ƙarfe.

Maman Khalil: Kun yi ta maganar ƙarfe da siminti, ba wanda ya tuna da masu ɗakin. Baban Ummi, daga Kaduna nake, kuma na taɓa sauke tankina sau biyu saboda ƙaura, don haka ga abin da na koya. Kada ka ba kifayen abinci kwana ɗaya kafin aikin, domin kada su ɓata ɗan ruwan da za su zauna a ciki. Ka nemi babbar robar ruwa wadda ba a taɓa sa mata omo ko sabulu ba, ka cika ta da ruwan tankin kansa, ka sa musu famfon iska, ka rufe samanta da raga saboda kifin da ya firgita yana tsalle. A wannan sanyin na hunturu kada ka ajiye robar a kan tayil tsirara ko kusa da taga, ruwa kaɗan yana saurin yin sanyi da dare. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne soson da ke cikin matatar ruwa. A jikinsa ne ƙwayoyin halittar da suke sarrafa ƙazantar kifi suke zaune, idan ya bushe ko aka wanke shi da ruwan famfo mai sinadarin kulorin sun mutu, kuma sai ka ga kifaye suna mutuwa mako guda bayan an gama gyara lafiya. Ka bar shi a jiƙe cikin ruwan tankin, in da hali ma ka kunna matatar a cikin robar. Ka kuma kwashe yashi da duwatsu duka kafin a ɗaga tankin, domin jiƙaƙƙen yashi nauyi ne da shi, kuma gilashin gindi ba a yi shi don ya ɗauki kaya yana sama a hannun mutane ba.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, Hajiya, na bi shawararki ɗaya bayan ɗaya. Ga yadda aka kwashe. Ranar Asabar muka sauke shi, mu huɗu muka ɗaga tankin babu komai a cikinsa muka ɗora a kan katifa. Da aka janye teburin sai ga tayil ɗin da ke ƙarƙashin ƙafar baya ta dama ya tsage gida uku ya lotsa, ƙarƙashinsa kuwa fanko ne kamar yadda Kawu ya yi hasashe. Na sanar da mai gidan, ya yarda a cire wannan ɗaya a cike wurin da siminti a mayar da sabo. Falon kuma yana da gangare zuwa ƙofa, wanda shi ne asalin karkatar hagu. Mai walda ya ƙara ƙafafu biyu da ƙarfen gicciye, muka zaunar da teburin a kan faranti, ƙafafun hagu suka ci kusan milimita 10 kowacce. Yanzu na mayar da tankin na zuba ruwa yatsu uku, kusurwoyi huɗun sun zo daidai in ban da milimita ɗaya. Kifayen suna cikin roba kwana biyar ke nan, ina canza musu kaɗan daga ruwan kullum, kuma yara sun matsa a mayar da su.

Mai Gilashi: Madalla. Amma yara su ƙara haƙuri kaɗan, domin tankin da ya zauna a murɗe na wasu watanni sai an gwada shi kafin a amince masa. Ka cika shi zuwa kashi ɗaya cikin uku ka sake awo, ka kai shi rabi ka bar shi ya kwana, sannan ka cika shi, kana shimfiɗa busasshiyar jarida a kewayen gindinsa, wadda za ta nuna maka ɗigon da ido ba zai gani ba. A kowane mataki ka duba faranti, in akwai wanda yake motsi da yatsa to ƙafar da ke kansa ba ta ɗauki nauyi ba, sai a ƙara mata siriri. Idan kuma ka ga wani wuri a layin silikon ya yi fari bayan an cika, kada ka shafa sabo a kansa, domin sabon silikon ba ya kama tsoho yadda ya kamata, sai an kankare an sake haɗa fallen.

Injiniya: Ƙari ɗaya daga gare ni. Bayan ka cika shi, ka liƙa ɗan guntun tef a kowace kusurwa daidai layin ruwa, ka rubuta kwanan wata. Ruwa zai ragu saboda hunturu, amma ya kamata ya ragu daidai wa daida a kusurwoyi huɗun. Ka duba bayan mako guda, sannan bayan wata guda, musamman kusurwar da aka sa sabon siminti, ka kawo mana lambobin.

Baban Ummi: In sha Allahu zan kawo. Yanzu yana rabi, jaridar a bushe take, gobe da safe zan ƙarasa cikawa.